Dosiyen Baba ya maƙale tsakanin likita da mai asibiti

Ɗan Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma likita ɗaya ke duba shi a wani asibitin kuɗi a nan Garwa. Kwanan nan likitan suka saɓa da mai asibitin, ya fita ya buɗe nasa. Baba ya ce inda likitansa ya tafi, can zai bi. Amma dosiyensa, wato fayil ɗin takardunsa na asibiti, yana tsohon wuri: gwajin jini, na ƙoda, hoton zuciya, har takardar da aka rubuta sunan maganin da ya taɓa kumbura masa fuska. Mai asibiti ya ce dosiye nasa ne. Likita ya ce da hannunsa ya rubuta. Mu kuma an ce mu sake gwaje-gwaje tun daga farko, kuɗin ba kaɗan ba. Don Allah, dosiyen nan na wane ne?

Nas daga Marwa:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Takardun na asibitin da aka buɗe su ne, shi ke da alhakin adana su, don haka likitan da aka ɗauka aiki ba zai kwashe su ya tafi ba. Amma abin da ke ciki ciwon Baba ne, ba na ɗayansu ba. Kada ku je kuna cewa likita ne ya aiko ku, nan ne za a taurare. Baba ya rubuta buƙata da kansa, ya sa hannu, ku haɗa da katin shaidarsa, ku nemi fotokofi. Dole sai da sa hannunsa, domin sashe na 310 na dokar laifuka ta Kamaru yana hukunta tona sirrin aiki.

Hajiya, Ngaundere:
Ɗana, ina karnensa, wato ɗan littafin asibitin da likita ke rubutu a ciki? Wannan ai a hannunku yake. Ku duba, sau da yawa sunan magani na ciki. Maganar kumburin fuskar nan ce ta fi damuna, yau ɗin nan ku gaya wa likitan.

Malamin makaranta, Kusiri:
In sun ƙi, ku kai ƙara ofishin lafiya na yankin Arewa da ke Garwa, sannan Majalisar Likitocin Kamaru, wadda dokar 1990 ta ba ikon ladabtar da likitoci. Ku riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa a kai.

Ɗan Yelwa, Garwa:
Na gode. Hajiya, mun duba karne, sunan maganin yana ciki. Gobe da safe za mu kai wasiƙar.