Da Faransa ba ta sa hannu ba, da Amurka ta ƙwaci 'yancinta kuwa?

Malam Sabi'u: Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, Faransa ce ta ci wa Amurka yaƙin neman 'yanci. Ku dubi Yorktown a 1781. Janar Cornwallis na Ingila ya ja dāga a bakin kogin York yana jiran jiragen Ingila su kawo masa ɗauki. Ran 5 ga Satumba Admiral de Grasse na Faransa, da manyan jiragen yaƙi 24, ya tare jirage 19 na Admiral Graves na Ingila a bakin mashigin Chesapeake, jiragen Ingilan suka koma New York. Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, ko jirgin yaƙi ɗaya mai wannan girma ba shi da shi. To wa ya rufe ƙofar?

Hajiya Rabi: Malam, ka fara labari daga wutsiya. Faransa ba ta sa hannu a yarjejeniyar ƙawance ba sai Fabrairun 1778, bayan Janar Burgoyne na Ingila ya miƙa wuya a Saratoga a Oktoban 1777 da mutum kusan 6,000. Sai da suka ga tukunya ta tafasa sannan suka kawo itace.

Malam Sabi'u: Hajiya, itacen ya riga tafasar. Tun 1776 Faransa ke tura albarushi da bindigogi a ɓoye ta wani kamfanin bogi da wani Bafaranshe, Beaumarchais, ya kafa, Roderigue Hortalez. Mafi yawan albarushin da Amurkawa suka harba a shekarun farko daga waje ya zo, don ba su da isasshen sinadarin haɗa shi.

Bashir Ɗan'azumi: Malam, Allah ya gafarta, akwai gyara. Taimakon Faransa sau biyu yana faɗuwa ƙasa warwas. A Newport a 1778 guguwa ta ragargaza jiragen admiral ɗin Faransa d'Estaing, ya tafi Boston gyara, ya bar Amurkawa a tsibiri. A Savannah a 1779 ya ƙosa da zaman ƙawanya, ya sa aka afka wa ganuwa tun igwa ba ta rusa ta ba, aka yi asarar ɗaruruwan mutane a banza.
Sannan me ya kai Cornwallis Virginia tun farko? Janar Morgan na Amurka ya murƙushe dakarun Tarleton, hafsan Cornwallis, a Cowpens a Janairun 1781. A Maris, Janar Greene na Amurka ya bar wa Cornwallis fili a Guilford Courthouse, amma sai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin Cornwallis suka mutu ko suka jikkata. Ba rundunar Faransa a wuraren nan.

Hajiya Rabi: Yauwa Bashir. Ko a Yorktown ɗin ma aikin raba shi aka yi. An haƙa layin ramuka na farko ran 6 ga Oktoba, aka girke igwa, aka fara na biyu ran 11. Ƙananan sansanonin Ingila biyu, na 9 da na 10, suka hana layin isa kogi. Daren 14 ga wata Faransawa suka kama na 9, mutanen Hamilton, hafsan Amurka, suka kama na 10 da wuƙar bakin bindiga, ba su ɗura harsashi ba don kada wata ta tashi ta tona asirinsu.

Malam Sabi'u: Na karɓi wannan. Amma manyan igwoyin da suka fi ɓarna na Faransa ne, Admiral de Barras ya ɗauko su ta ruwa daga Newport. Kuɗi fa? Takardar kuɗin Majalisar Amurka ta zama shara, har sojojin Pennsylvania suka yi bore a Janairun 1781 kan albashi. Janar Rochambeau na Faransa ne ya ranta wa Washington tsabar azurfa aka biya sojoji albashin wata guda a hanyar kudu. Shi Washington ɗin ma New York ya so kai wa hari.

Bashir Ɗan'azumi: Idan kuɗi ne ma'auni, Malam, sai ka sa Sifaniya a lissafi, don a Havana, wadda ke hannun Sifaniya a lokacin, aka tara wa de Grasse kuɗin da ya taho da su.

Malam Sabi'u: Sa ta, ɗana, ban hana ba. Amma Cornwallis ya miƙa wuya ran 19 ga Oktoba, Janar Clinton na Ingila ya iso da ɗauki bayan kwana biyar. Ku cire jiragen de Grasse daga bakin mashigin nan, ku gaya mini wa zai hana Graves kwashe Cornwallis tun a Satumba.