Rijiyar da aka haƙa aka kulle, ba a ɗiban ruwa: ta mece ce?

Manomin Fadama: Salamu alaikum. Ina noman rani a fadamar Haɗejia, tumatir da tattasai. Bara wasu ma'aikata suka kafa siririn bututu a gefen gonakinmu, suka sa murfi da kwaɗo, ba famfo ba inji. Sukan zo su zura wani tef, ya yi ƙara, su rubuta su tafi. Mu kuwa da watan Maris ya kama sai injin ban ruwa ya riƙa jan iska, har sai mun haƙa rami mun saukar da shi. Don Allah meye amfaninta gare mu?

Injiniya Ɗanborno: Wa alaikumus salam, Malam. Rijiyar awo ce. Tef ɗin na ƙara ne idan bakinsa ya taɓa ruwa, sai a karanta zurfin. Ba a sa mata inji saboda rijiyar da ake zuƙa ruwanta yakan faɗa a kewayenta, awon ba zai faɗi gaskiya ba. Injinku kuma ba ya iya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, shi ya sa kuke saukar da shi. Ruwan fadamarku ambaliyar damina ce ke ciyar da shi, kuma ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Mu a Borno, burtsatsen da a da ke tunkuɗo ruwa da kansu, da yawa yanzu sai da famfo. Abin yana damuna ƙwarai. Ku nemi su riƙa gaya muku abin da suka rubuta, haƙƙinku ne.

Hajiya Mai Albasa: Kai ma auna zurfin ruwan rijiyar gonarka. Igiya da ɗan ƙarfe a baki, da sassafe kafin ka tada inji, daga wuri ɗaya a bakin bututu. Rubuta a littafi duk Juma'a.

Ɗan Maraɗi: Ku tambaye su ko suna ɗibar ruwan zuwa ɗakin gwaji. A Tibiri, kusa da Maraɗi, an taɓa samun ruwa garau, amma sinadarin fuloraid ya yi masa yawa, ƙafafun yara suka tanƙware, haƙora suka yi ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita.

Manomin Fadama: Na gode, Allah ya saka. Injiniya, takin zamanin da muke zubawa fa, yana kaiwa ga ruwan? Don daga nan yaranmu ke sha idan suna gona.