Idan Aiki Ya Kuɓuce: Shawarwarin 'Yan'uwa

A zaman zumunta bayan sujada an tattauna kan waɗanda aka sallama daga aiki, ko aka tsallake su wajen ƙarin girma, ko jari ya karye musu. Ga abin da na tsinta.

Shawarar da ta fi ratsa ni ta fito daga wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta. Ta ce kada a yi gaggawar karanta wa mai takardar sallama a hannu Romawa 8:28, ayar da ke cewa Allah yana sa kowane abu ya zama alheri ga masu ƙaunarsa. Ayar gaskiya ce, amma a bar shi ya yi kukansa tukuna. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki lamarin ya ɓaci. Zabura 13 ma da "har yaushe" ta fara.

An daɗe a kan Yusufu. Yana wajen shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A tsakani an yi masa ƙazafi a gidan ubangidansa Fotifar, aka jefa shi kurkuku, mai shayar da sarki ya manta da shi shekara 2 cur. A kurkukun nan aka danƙa masa kula da fursunoni, ya kuwa riƙe amana.

Wasu sun ja kunne cewa a binciki kai, domin wani lokaci sakaci ne, ba hannun maƙiya ba. Na yarda da su ƙwarai.

Sauran a gurguje: kada kunya ta hana zuwa sujada, a gaya wa iyali gaskiyar abin da ya rage a aljihu, kada a raina ƙaramar sana'a, tunda Manzo Bulus ma ya yi ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da Biriskilla. Ikilisiya kuma, bayan addu'a, ta taimaka da hatsi, kuɗin makarantar yara da cigiyar aiki.