Matan Gombe masu jiki: wa ta taɓa shan furobayotik, me gwajin jininta ya nuna?

Maman Khairat, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai sayar da kayan mata ta yi mini tallan kafson furobayotik, na ƙwayoyin nan masu amfani ga hanji, wai yana rage teɓa, yana kuma gyara jini. Ni kuwa a asibiti an ce ma'aunin ƙibata (BMI) ya haura 30, wato ƙibar ta yi yawa, ga mahaifiyarmu jini ya taɓa daskare mata a ƙafa. Don Allah wadda ta sha ta faɗa mana abin da ta gani.

Anti Ladi, Pantami:
Na sha, ƙanwata. Da farko cikina ya yi ta ƙugi da kumburi, daga baya ya lafa, bayan gida ya daidaita, kuma na ji daɗin haka ƙwarai don na daɗe ina fama. Amma teɓa tana nan daram, zanen da nake ɗaurawa bai ƙara ko ɗan yatsa ba. Na yi gwajin jini kafin in fara da bayan na gama, adadin filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, kusan ɗaya ne.

Malama Hauwa, Bolari:
A ɗakin gwaji nake aiki, bari in ɗan yi bayani. Filatilet su ne 'yan ƙwayoyin da ke haɗuwa su toshe wurin da aka ji ciwo jini ya tsaya. Ɓargo ke ƙera su, suna rayuwa kwana 7 zuwa 10, kuma adadin lafiya shi ne 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita, wato ɗan mitsitsin ɗigon jini. Kitse idan ya yi yawa, musamman na ciki, yana sa su zama masu saurin mannewa da juna. To wannan saurin mannewar, gwajin da muke yi kullum ba ya nuna ta, ƙidaya kawai yake yi. Shi ya sa, Anti Ladi, takardarki ba za ta raba gardama ba. Furobayotik kuwa 'yan ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, masu amfani ga hanji, irin su Lactobacillus da Bifidobacterium. Binciken da aka yi kan tasirinsu ga filatilet ƙanana ne, ba su kai a ce magani ne ba. Abin da ke damuna shi ne mace ta ajiye asfirin ɗin da likita ya rubuta mata don hana jini daskarewa, wai saboda ta sayi kafso. Don Allah kada a yi haka.

Ummi, Bajoga:
Ni ina cikin sha filatilet ɗina suka faɗi ƙasa da 150,000, hankalin mijina ya tashi, ya ce kafson ne. Da aka duba ashe zazzaɓin cizon sauro ne. Ina gama magani suka dawo.

Hajiya Yaya, Kumo:
Ku 'yan nan, kindirmo fa? Ai shi ma yana da irin ƙwayoyin nan masu amfani. Ni shi nake sha da fura, ba sukari, cikina lafiya lau. Amma a wurin wadda na san tana tafasa madararta nake saya.

Malama Hauwa:
Gaskiyarki Hajiya, madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da cutar tarin fuka. Maman Khairat, ki gaya wa likita tarihin Mama tun kafin ki sayi komai. In za ki saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma karanta ko irin wanda ake ajiyewa a firji ne, don zafin Maris da Afrilu yana kashe ƙwayoyin tun suna kan kanta a shago.