Shawarar Tsofaffin Direbobi Ga Mai Son Tuƙa Tirela

Wani matashi ya tambayi tsofaffin direbobi yadda zai fara tuƙin tirela, ga abin da na tsinta daga bakinsu.

Kusan duk sun yarda cewa a fara da zama yaron mota, ko da shekara biyu ce. A nan ake koyon ɗaure kaya, canjin taya, duba iskar birki da sassafe, da jin kukan inji kafin ya lalace. Wani dattijo ya daɗe yana magana a kan gangara: direba mai lodi ya sauko da ƙaramar giyar mota, kada ya dogara da birki, don in ya yi zafi ba ya kamawa. Wannan magana ta fi tsaya mini a rai.

Batun takardu kuwa, suka ce a bi makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya (FRSC) ta amince da ita, a yi gwajin VIO (jami'an duba motoci da gwada direbobi) da na ido, sannan a nemi lasisin rukunin G na tirela. Kada a saya ta bayan fage.

Sun yi saɓani kan tuƙin dare, amma ƙwayar hana barci babu wanda ya goyi bayanta. In barci ya zo, a faka a Tafa ko Mararrabar Jos a kwanta.