An gama aikin, amma matsalar tana nan: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai shago a Kantin Kwari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 na sa wasu matasa su yi mana manhajar ciniki. Sun kawo a kan lokaci, hotunan shadda da atamfa gwanin kyau. Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne bashin da ke hannun dillalai, kuma har yau a littafi mai bangon kwali nake rubuta shi. Ban faɗa musu ba, su ma ba su tambaya ba. Masu sayen kayana kuwa suna nan a WhatsApp, ba wanda ya sauke manhajar.

Mai sarrafa man gyaɗa, Zariya: Wa'alaikumus salam Alhaji, kamar ka san nawa. Burina man ya shiga manyan kantuna, sai na zuba kuɗi a sababbin robobi da tambari. Manajan kanti ya juya robar gaba da baya, ya ce, "Hajiya, ina lambar NAFDAC?" Ranar ban iya cin abinci ba. Da rajista na fara, da tuni na shiga.

Jami'in kula da ayyuka, Abuja: Ni ma na taɓa miƙa aiki aka yi tafi, bayan wata shida ciniki bai motsa ba. Daga nan na rungumi tsarin OKR, wato tsarin sa buri da auna sakamako, wanda Andy Grove ya ɓullo da shi a kamfanin Intel, John Doerr ya kai shi Google a 1999. A rubuta buri ɗaya, da alamomin da za a iya aunawa. Naka Alhaji zai zama: a san wa ake bi, nawa ne, yaushe zai biya. Duk abin da masu aiki za su kawo, sai su nuna wace alama zai taɓa. Wanda bai taɓa ko ɗaya ba a ajiye shi, komai kyansa. Da haka aka yi, da an ajiye hotunan shaddar nan.

Mai shago a Kantin Kwari: Na gode Malam. Gobe in Allah ya kai mu zan kira yaran, in buɗe musu littafin bashin su gani da idonsu.