Zauren Masu Saƙa da Ɗinkin Kayan Da: Tufafin Mutanen Degel

Malamar Runjin Sambo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ɗalibaina za su yi wasan kwaikwayo a kan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma ni na ɗauki nauyin tufafin, don ɗinki sha'awata ce tun tasowata. So nake kayan su yi kama da na lokacin, kada su fito kamar masu hawan sallah. Wane yadi zan nema, wane ɗinki zan yi?

Tela Ɗan Marina: Wa alaikumus salam Malama. Da farko ki cire shadda daga lissafi, komai tsadarta. Ƙyallinta tun daga bayan zaure zai tona miki asiri. Tufafin da ƙwarya-ƙwarya ake saƙa su, faɗin yatsu huɗu ko ma ƙasa da haka, sannan a jera a ɗinke gefe da gefe. Layukan haɗin nan su ne ido ke fara gani. In babu su, ko wane aiki kika zuba a wuya, rigar ta zamani ce.

Baba Masaƙi: Gaskiya tela ya faɗi, ɗiyata. Kuma zaren ma shina da magana. Zaren da mata sunka kaɗa da mazari ba ya tahiya daidai, nan kauri nan siriri, shi ya sa tufa ke da ɗan kaushi ga hannu. Na kamfani sumul yake. Ki nemi fari na hannu wurin masaƙan ƙauye ranar kasuwa, ki shafa ki ji da kanki kafin ki biya.

Ɗan Autan Zaure: Malama ki yi musu riguna masu aikin allurar aska takwas kawai, da alkyabba da rawani mai kunne biyu. Wallahi sai an tafa.

Ɗalibin Tarihi: Autanmu, a nan ne fa ake zamewa. Waɗanda suka bar Degel malamai ne da almajirai da makiyaya da iyalansu, mutanen da suka kwashi littattafai suka bar gida cikin gaggawa. Babu fada, babu sarauta tukuna. Birnin Sakkwato ma sai a 1809 Muhammadu Bello ya kafa shi. Manyan rigunan nan masu aska biyu da aska takwas sun yi tashe ne bayan daula ta zauna, lokacin da sarakuna ke ba da su kyauta ga hakimai da manyan baƙi, kuma masu aikin allura na ƙasar Nufe suka yi suna a kansu. In wasan a kan fadar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne, wanda Bature Barth ya tarar a 1853, sai in ce a zuba ado. Amma a Gudu, a'a. Malam Abdullahi na Gwandu da kansa ya koka a waƙa kan yadda wasu daga cikin jama'ar Shehu suka karkata ga son mulki da manyan riguna da dawaki. Kin ga ke nan sa wa almajirin Degel rigar ƙasaita juya labarin ne.

Abin da zan ce ki kashe kuɗinki a kai shi ne rawani da mayafi. Sarkin Gobir Nafata ya yi doka ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yin lulluɓi, kuma wannan na cikin abin da ya hura wutar rikicin. Saboda haka farin rawani a kan yaro ya fi kowane ado faɗin labarin. Mutanen Gobir kuma ki bar su da hula da rigunan rini, mai kallo zai rarrabe ɓangarorin ba sai an yi masa bayani ba.

Ɗan Autan Zaure: To na janye askata. Amma alharini fa? Ko ɗan jan nan a bakin riga?

Ɗalibin Tarihi: Alharini siliki ne da fatake ke kawowa ta Sahara daga wajen Tarabulus, kayan masu hali ne. Ga kuma maganar hukuncin siliki ga maza, wadda malaman jama'a ba su wasa da ita. A ba Sarkin Gobir Yunfa shi, zai dace da shi.

Goggon Gidan Kanawa: Ku maza kun cika zauren da riga, kun manta rabin masu hijirar mata ne. Malama, na mata ya fi sauƙi, ɗinkinsa kaɗan ne. Zane baƙi na rini ko saƙi mai zanen zabo, kallabi, sai babban mayafi. Gwado kuma saƙar mata ce, a masaƙar tsaye ake yin ta, tana fita da faɗi, ba sai an yi ta haɗe-haɗe ba. Roƙona ɗaya, kada ki ɗora wa kowa malfa. Malfar nan da jan ƙyalle alamar jaji ce, wato jagorar 'yan taru, matan da ke taruwa neman ilimi, kuma Nana Asma'u yarinya ce ƙarama lokacin hijira, sai bayan shekaru da dama ta kafa tsarin. Na sha ganin an haɗa su wuri guda a wasannin makaranta, abin yana sosa min rai.

Malamar Runjin Sambo: Allah ya saka da alheri Goggo, da na yi niyyar malfar. Sai dai yaran suna da yawa, kuɗin makaranta ba zai sayi saƙar hannu ga kowa ba.

Tela Ɗan Marina: Akwai dabara. Ki sayi akoko, farin yadin kamfani mai araha, a Tsohuwar Kasuwa, ki wanke shi sosai sitacin ya fita, ki tsaga shi tsaye-tsaye, ki sake haɗawa. Haɗin ciki ki bi da keke, wuya da aljihu da bakin hannu ki yi da allura, don nan ido ke sauka. Na sahun baya taguwa ta ishe su, da wando mai zariya. Babu maɓalli, babu zif.

Baba Masaƙi: Wanga dabara ta tela ban so ta ba, amma ban hana ba. Ƙwarya ta gaske bakinta a saƙe yake, ba ya warwara. Akoko in anka tsaga shi sai an kalmashe, haɗin ya yi tudu. Ga yaran baya ya wuce. Na gaba, waɗanda za su yi magana, a ba su na gaske ko da mutum uku ne.

Mairini: Ni a kan baba, wato shuɗin rini, zan yi magana. Rinin karofi yana zuba, musamman wanda aka buga da shuni ya yi ƙyalli, irin turkudi da rawanin ɗan Kura da ake yi a Kura ta ƙasar Kano. Buzaye son wannan shuɗin a fata suke yi, amma uwar da ɗanta ya koma gida da farar rigar makaranta ta rine ba za ta gode miki ba. Ki sa a rina miki ba bugu, ki ɗauraye har ruwan ya washe, kuma kada ki haɗa shi jaka ɗaya da fararen rawunan.

Ɗan Autan Zaure: Baba Masaƙi, ni fa saƙar nake son koya. Da kaɗi zan fara?

Baba Masaƙi: A'a. Gurza da shiɓa da kaɗi fanni ne daban, kuma zaren sabon hannu tsinkewa yake a masefi, abin da ke matse zare a masaƙa, sai ka yi fushi ka bari. Sayi zare mai ƙwari ka fara da wadari, wato jera zaren tsawon tufa, don duk ɓarnar saƙa daga nan take tasowa. In wadari ya yi daidai, taka allera mai buɗa zaren da jefa ƙoshiya mai ratsa zare tsakani wasa ne. Ka nemi fili mai tsawo inda za ka ja kunkuru, abin da ake aza wa dutse ya riƙe zaren wadari, ɗakinka ba ya isa.

Shugaban Zaure: Malama, kafin ki sa almakashi ki leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ki ga kayan da da idonki. Sannan hoton nan da ke yawo a Facebook ana cewa Shehu ne, kada ki kwaikwayi shigarsa. Shehu ya rasu a 1817, ba a ma fara ɗaukar hoto a duniya ba. A ganina kuma kada wani yaro ya fito a matsayinsa, a bar mai ba da labari ya ambace shi, iyaye za su fi natsuwa.

Malamar Runjin Sambo: Na karɓa, ranka ya daɗe. Akoko ga 'yan baya, saƙar hannu ga mutum uku na gaba, alharini ga Yunfa shi kaɗai. Goggo, ranar Asabar zan kawo miki zannuwan ki duba ɗaurin. Mairini, kamu nawa zan kawo maka a tsoma ɗaya?

Mairini: Kawo duka, amma a wanke. Mai sitaci ba ya shan baba.